"Corolla ba ta mutuwa": kirarin da yake cinye injinan mutane

Jama'a, yau zan taɓo inda yake yi wa wasu abokaina dillalan mota da makanikai ƙaiƙayi. Su yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganata a kan kirarin nan ne da ake yi wa tsohuwar Corolla, wai ba ta mutuwa, ka zuba mata fetur kawai ka taka. Ni dai a ganina babu maganar da ta kashe injinan bayin Allah a Arewa kamar wannan.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta kai dubu, kowa ya juya wa manyan motoci baya. Mai silinda shida ya fito da tasa bakin titi ya ɗora mata galan a ka. Kowa ƙaramar mota yake nema: malamin makaranta, ɗan fansho da ya karɓi giratuti, matashin da 'yan uwa suka haɗa wa kuɗi ya fara haya. Kuɗin da mutum ya shekara biyar yana tarawa ne ake magana a kai. Da ya isa wurin dillali kuma, kalma ɗaya za a rufe masa baki da ita: "Alhaji, ai Toyota ce."

Eh, Toyota ce. Mota ce mai ƙwari, ban musa ba, kayan gyaranta kuma ko a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo ba ka shan wahalar samu. Amma ƙarfe ne, mutum ne ya ƙera shi, kuma injin da ke cikinta yana da aibin da duniyar makanikai ta daɗe da sani. Mu ne kawai muke yi kamar ba mu ji ba.

Injin da nake nufi shi ne 1ZZ-FE, mai lita 1.8, silinda huɗu, wanda ya fara fitowa a Corolla ta Amurka a 1998 ya ci gaba har 2008. Shi ne a cikin mafi yawan Matrix da Pontiac Vibe, domin Vibe ai Toyota ce da aka canja wa riga, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da GM da ke Kalifoniya aka haɗa ta. Ƙannensa na Turai, 3ZZ mai lita 1.6 da 4ZZ mai 1.4, su ma an san su da hali iri ɗaya. Halin kuwa shi ne shan baƙin mai, kuma ya fi ƙamari a waɗanda aka ƙera tsakanin 1998 da 2002.

Ga yadda abin yake. Kowane fistan yana da ringi uku. Biyun sama suna riƙe matsin wuta, na ƙasa kuma aikinsa ya kankare baƙin mai daga jikin silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu 'yan ƙofofi da aka huda a jikin fistan ɗin. A injinan farko ƙofofin nan ƙanana ne kuma ba su da yawa. Idan mai ya tsufa ya sha zafi, sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe su, ringin ya manne a gurbinsa. Daga nan man da ya kamata ya koma ƙasa sai ya haye sama ya ƙone tare da fetur. Ba za ka ga yoyo a ƙasa ba, inda ka ajiye mota tsaf yake, amma mai yana tafiya ta salansa. Toyota da kanta daga baya ta sake fasalin fistan ɗin ta ƙara ƙofofin. Kamfanin da ya ƙera ya gyara kuskurensa, amma dillalin unguwarmu har gobe rantsuwa yake yi babu aibi.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Injin nan kusan lita 4 na baƙin mai yake ɗauka. A ce naka yana shan lita ɗaya a kilomita dubu, abin da ba baƙo ba ne a injin da ringinsa ya manne. Kano zuwa Abuja da dawowa ya haura kilomita 800. Ke nan tafiya biyu ta isa ta kai man ƙasa da alamar geji. Mai motar kuma an riga an gaya masa ba ta mutuwa, don haka ba ya buɗe bonet sai ranar juye. Yana jiran jar fitilar mai ta kama ta tuna masa. To wannan fitilar ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin bugunsa take aunawa. Ranar da ta kama kana gudu a hanyar Zariya, metal ya riga ya fara cin karanshaf a bushe. Sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, a ce inji ya buga, a ce ƙaddara ce, wani ma ya ce sammu ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma sandar geji ma tana nan a wurinta, jan ta bai kai minti ɗaya ba.

Wannan laifin kamfani ne da sakacin mai mota. Bari in zo kan namu na gida, wanda ya fi ci mini rai.

Mota tana sauka daga tirela, kafin ta yi sati, an kai ta gareji an yi mata abin da ake kira "gyaran Najeriya". A cire tamostat a jefar. A kira rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa makulli ta hau juyi. A zubar da kulan ɗin da ta zo da shi a cika lagireto da ruwan rijiya ko fiyo wata. Hujjar kullum ɗaya ce: wai don ƙasar sanyi aka yi waɗannan abubuwan, mu nan zafi gare mu. To ina tambaya, Makka da Dubai ƙasar sanyi ce? Corolla ɗin da ke yawo a can da tamostat ɗinta take yawo. Wanda ya je Hajji ko Umara ya shiga tasi a tsakar rana, ya gaya mana ko ya ga ana tsayawa ana yi wa inji fifita.

Tamostat ƙofa ce kawai. Tana rufe idan inji yana da sanyi don ya yi saurin ɗumi, ta fara buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 82, daga nan ta riƙe zafin daidai inda aka tsara injin ya yi aiki. Idan ka cire ta, inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu ko a doguwar hanya. Kwamfutar motar kuma, wadda makanikai ke cewa biren bos, muddin tana ganin inji da sanyi ƙarin fetur take turawa. Fetur ɗin da ya yi yawa yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin mai. Danshin da zafi ya kamata ya kore daga cikin man shi ma sai ya zauna, ya haɗu da datti ya zama kunu. Wato ka sayi ƙaramar mota don gudun tsadar fetur, ka biya kuɗi an sa ta ƙara shan fetur, sannan an taimaka wa ƙofofin fistan su toshe da wuri.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: "Ai ni tawa zafi take yi, da aka cire ta daina." Na yarda ta daina nunawa. Amma me ya sa take zafin tun farko? Ko tamostat ɗin ce ta lalace ta ƙi buɗewa, maganinta a sa sabuwa. Ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci, ko kuma gaskit ya fara ƙonewa. Makanikin da ya san aikinsa zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai sani ba, ko yake gaggawa, shi ne zai ciro tamostat ya nuna maka kamar ya kama ɓarawo.

Ruwan rijiya kuma fa? Jikin injin nan alminiyam ne. Ruwanmu yana da gishiri da ƙasa, yana barin farin dabbare irin wanda kuke gani a gindin butar shayi, ya toshe siraran hanyoyin lagireto, ya ci famfon ruwa. Kulan yana hana tsatsa kuma yana ɗaga zafin da ruwa zai tafasa. Kana ƙyashin kuɗin galan ɗaya, ƙarshe ka biya kuɗin gaskit da na goge kan inji.

Sai maganar mai mai kauri. Littafin Corolla ta Amurka 5W-30 ya rubuta. Da mota ta fara hayaƙi, sai a ce a zuba mata 20W-50, wani ma har da ƙarin wani abu mai kauri kamar zuma. A nan zan yi adalci: injin da ya riga ya ci, mai mai ɗan kauri yana iya rage masa hayaƙi, kuma wanda ba shi da halin buɗe inji yana iya lallaɓawa da shi. Amma kauri ba ya buɗe ƙofar da gawayi ya toshe. Daga 2000 kuma injin yana da VVT-i, na'urar da ke aiki da bugun mai ta wata 'yar siririyar hanya mai rariya, mai datti ko mai kauri fiye da kima yana sa ta nawa. Kada in ma taɓo man da ake aunowa a kwalba a bakin titi ba a san uwarsa ba a san ubansa ba, da filtar da aka kwaikwayi kwalinta.

Inda abin ya tashi daga jahilci ya koma cin amana shi ne ranar sayarwa. Mai mota ya san injinsa yana shan mai. Sai ya zuba mafi kauri, ya sa sababbin fulogi, a wanke inji ya yi ƙyalli, a cire ƙwan fitilar da ke nuna matsala a tangaran ko a liƙe ta da baƙin salatif, a ɗumama motar kafin mai saye ya iso. Wani har mita ake juya masa baya. Sannan a kalli ɗan fansho a ce masa "buy and drive", ko kwabo ba za ka kashe ba. Bayan wata biyu yana gareji ana yi masa lissafin sabon inji. Addininmu da al'adarmu duk sun hana ɓoye aibi a ciniki, kuma kiran abin "dabarar kasuwa" ba ya halatta shi. Dillalin da ya sani ya yi shiru don la'adarsa, shi ma yana ciki dumu-dumu.

Ga wanda zai saya, kada kunya ta hana ka bincike, kuɗinka ne. Ka je da sassafe ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: duk fitilun tangaran su kama, har da mai hoton inji, wadda ba ta kama ba an taɓa ta. In fanka ta hau juyi nan take alhali ba ka kunna AC ba, an yi mata haɗin kai tsaye, ka tambayi inda tamostat take. Ka sa wani ya taka totur ka tsaya a baya, shuɗin hayaƙi mai ne yake ƙonewa. Ka buɗe murfin mai ka leƙa da tocila, ka duba ko akwai baƙin kunu ko farin kumfa kamar madara. Ka sa a ciro fulogi ka gani da idonka, a auna matsin kowace silinda, a jona na'urar bincike, domin duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da wurin jona ta. Ka tuna kuma mitar Amurka mil take ƙirgawa: mil 200,000 ya kai wajen kilomita 320,000. Makanikin da za ka tafi da shi ya zama naka, kai za ka biya shi. Wanda ya hana ka ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba ka amsa.

Wanda kuma tasa tana gida, ya mayar da tamostat, a gyara fanka ta koma tashi da kanta, a wanke lagireto a zuba kulan. Ya riƙa jan geji duk sati da kuma kafin kowace doguwar tafiya, a wuri mai baje, inji a kashe. Ya rubuta yawan cikon da yake yi, don ya san ko abin ƙaruwa yake. A duba ɗan bawul ɗin PCV, abu ne mai araha da kan ƙara shan mai idan ya toshe. In shan ya wuce misali, gyaran gaskiya shi ne a buɗe inji a sa sabon ringi da fistan irin na baya-bayan nan, ko a buɗe ƙofofin tsohon, a wurin wanda yake da kayan awo. Sayen injin tokumbo ba tare da an gwada ba canki-canka ne, shi ma shekarunsa ɗaya da naka, watakila da ciwo iri ɗaya.

Akwai makanikai na ƙwarai a garuruwanmu, na san su, su ne masu cewa "Oga, bari in auna tukuna." Sau da yawa mu masu mota muke gudunsu mu tafi wurin mai sauri da araha, sannan mu dawo Facebook muna zagin sana'ar gaba ɗaya. Motar 2002 ta haura shekara ashirin a duniya. Tsohuwa ce, lallaɓa ta ake yi, kirari ba ya ƙara mata mai.

Makanikin da yake ganin cire tamostat daidai ne, ga fili nan a ƙasa, ya zo da hujjarsa, ban da zagi. Saura kuma ku tura wa duk wanda kuka san yana tara kuɗin mota, tun kafin ya biya kafin alƙalami.