Kwamfuta Ba Ta Da Aljannu

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina kuskure ne mu ɗora wa kwamfuta laifi in aikinmu ya lalace. Na rubuta manhaja da harshen C don fid da ƙuri'ar masu sharar ɗakin kwananmu. Yau ta yi, gobe ta mutu, har aka fara zargina da maguɗi. Mahaifina, makanikin injin jima a Challawa, ba ya kwance inji sai ya ji ƙararsa sau biyu. Ni ma sai na kafe lambar da ƙuri'ar ke somawa da ita, har kuskuren ya maimaitu. Ashe sunaye 40 ne, C kuwa tana ƙirgawa daga 0 zuwa 39. Ni na bar ƙuri'a ta kai 40, inda babu kowa.