Koci a gefen fili, talaka shi kaɗai

Tun 1 ga Janairun 2025 hukumar tanis ta duniya, ITF, ta halatta wa koci ya riƙa ba ɗan wasansa shawara daga gefen fili alhali ana cikin wasa. Wai ci gaba ne. Ci gaban wa?

A wasan ƙarshe na US Open na 2018, gargaɗi aka yi wa Serena Williams don kocinta ya yi mata ishara da hannu. A lokacin tanis na gwada mutum ne shi kaɗai, daga raket sai basirarsa.

Yanzu ku ɗauki yaron Nima ko Mamobi da ya samu shiga ƙaramar gasa a ƙetare. Kuɗin jirginsa ma sai da aka yi karo-karo a unguwa, to wa zai biya wa koci tikiti da otal? Abokin karawarsa kuwa da kai biyu yake wasa. Hatta Taylor Fritz na Amurka, da ba ya rasa kuɗin koci, ya soki dokar. Hukumar tanis ta Ghana mamba ce a ITF; ta buɗe baki ta nemi a cire dokar daga ƙananan gasanni.