Ra'ayinmu: Na'ura Ta Ce Zuciya Ta Kamu, Likita Ya Ce Ƙalau Take

Awon lafiya kyauta ya zama ruwan dare a garin Gombe. Ƙungiya ko ɗan siyasa zai kafa rumfa a unguwa, yau Gabukka, gobe Bolari ko Pantami, a auna jini, a auna suga, wani lokaci har a kwantar da mutum a manna masa wayoyi a ƙirji a ɗauki zanen bugun zuciyarsa, gwajin nan da ake kira ECG. Mai neman aiki da ɗalibi da maniyyaci su ma awo ake tura su. A cikin wannan taro akwai waɗanda za su koma gida da 'yar takarda mai cewa zuciyarsu ba daidai take ba. Barci ya ƙaurace musu, a sayar da akuya ko a ci bashi, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, likita ya duba ya ce, "Malam, babu abin da ke damun zuciyarka." To daga nan fa? Ya yarda da wa, kuma ya yi me?

Sai an fahimci yadda kuskuren ke aukuwa kafin a yanke hukunci. ECG ba ya ganin zuciya. Lantarkin da ke motsa ta yake zanawa a takarda, daga tsayi da siffar zanen ake hasashen abin da ke ciki. Yawancin na'urorin yanzu kuma suna buga nasu fassarar da Turanci a saman takardar, ita ce jama'a ke karantawa su ce "kwamfuta ta nuna zuciyata ta kumbura." Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen cewa tsokar zuciya ta yi kauri, likitoci biyu ne, Sokolow da Lyon, suka fitar da shi a Amurka a 1949. An daɗe da lura cewa baƙar fata, musamman saurayi siriri mai aikin ƙarfi, zanensa yakan yi tsayi fiye da wannan ma'auni alhali lafiyarsa lau. Wannan ya sa Farfesa Araoye na Jami'ar Ilori ya gabatar da ma'auni na daban don baƙar fata a 1996, kuma ƙa'idojin duba 'yan wasa na duniya da aka fitar a 2017 sun amince cewa wasu alamomin da ke tayar da hankali a zanen Bature ba komai ba ne a zanen ɗan wasa baƙar fata. Ɗan dako a babbar kasuwar Gombe, wanda ya wuni yana ɗaukar buhunan masara, yana iya faɗawa wannan rami cikin sauƙi. Ƙara da cewa in aka manna wayar sama ko ƙasa da wurinta, ko aka musanya ta hannun dama da ta hagu, zanen zai fito da cutar da babu ita.

Awon hawan jini ma haka yake. Dattijo ya tako a ƙafa cikin ranar Maris, goro a baki, ya yi tsayuwar layi, a ɗaura masa abin awon da ya yi wa damtsensa kaɗan, ga faɗuwar gaba don ganin ma'aikacin asibiti. Lamba na iya haura 140 bisa 90. Shi ya sa ƙa'ida ta ce mutum ya zauna ya huta aƙalla minti 5 tukuna, kuma in ba lambar ta yi mugun hawa ba, ba a cewa yana da hawan jini sai an maimaita awon a ranaku daban-daban.

Akwai kuma lissafin da masu shirya awon taro ba sa son ji. A ƙaddara an auna mutum 1,000 da ba sa jin ciwon komai, 10 ne kawai a cikinsu ke da cutar da gaske. A ce na'urar tana kuskure sau 5 cikin 100 a kan masu lafiya. Ke nan kusan mutum 50 za ta ɗora wa cutar da ba su da ita, ninki biyar na masu cutar. Ba lalacewa na'urar ta yi ba, haka abin yake duk lokacin da aka nemi cuta mai ƙaranci a cikin taron lafiyayyu. Saboda irin wannan ne kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce a 2018 kada a riƙa yi wa baligi ECG in ba ya jin komai kuma ba ya cikin masu haɗarin ciwon zuciya.

Masu cewa a bar wannan awo gaba ɗaya suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Kuɗin gwaji na biyu daga aljihun talaka yake fitowa. Wani ba zai ma kai asibiti ba, kemis zai tsaya a haɗa masa ƙwayoyin hawan jini, ya yi ta sha har jiri ya kayar da shi. Wani a hana shi aikin ɗamara da ya ci jarrabawarsa. Budurwa kuwa, da zarar maganar "tana da ciwon zuciya" ta fita daga gida ta shiga unguwa, takardar likita goma ba za ta dawo da ita ba, masu neman aure sun riga sun ji. Ga kuma 'yan damfara da suka shigo rigar awon lafiya, masu yawo da kwamfuta da wani ɗan ƙarfe da za a ba ka ka riƙe a hannu minti ɗaya, a ce an leƙa zuciya da hanta da ƙoda gaba ɗaya, sannan a fito da kwalaben magani masu tsada daga jaka. Wannan ba gwaji ba ne balle a ce ya yi kuskure. Talla ce, kuma takardarsa ba ta cancanci ko kuɗin Keke Napep zuwa asibiti ba.

Amma ɗaya ɓangaren ya fi nauyi a wurinmu. Hawan jini ba ya sallama. Bincike da dama sun nuna kusan baligi ɗaya cikin uku a Najeriya na ɗauke da shi, da yawa ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas a watan Agustan 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, bai tashi ba. Nwankwo Kanu kuwa, awon da ƙungiyar Inter Milan ta yi masa a 1996 ne ya gano matsala a zuciyarsa a lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya buga ƙwallo shekaru masu yawa. Da ya ce ai shi ba ya jin komai, na'ura ce ke ƙarya, da labarin ya sha bamban.

Mu a Arewa muna da wani dalili na musamman. Ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko cikin jego ya fi yawa a nan fiye da kusan ko'ina a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kansa, suna zargin wankan jego da kunun kanwa, daga baya binciken da aka yi a Sakkwato da wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga Kano suka nuna yana kama kusan mace ɗaya a haihuwa ɗari a waɗancan wurare. Abin tsoronmu shi ne magidancin da aka taɓa firgitawa a banza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Ranar da matarsa mai jego ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine, shi ne zai ce, "Bar su, Hajiya, haka suka yi mini, kuɗi kawai suke nema." Ɓarnar sakamakon ƙarya ba ta tsaya ga kuɗin da aka kashe ba, yardar da mutum ya yi wa asibiti take cinyewa.

Ra'ayinmu shi ne, takardar farko ba a sha magani a kanta, ba a kuma jefar da ita. A kai ta wurin likita, ya yi tambayoyi, ya saurari ƙirji, ya maimaita awon, in ya ga da bukata ya tura a ɗauki hoton zuciya na eko, wanda shi yake nuna kaurin tsoka da ƙarfin bugu ido da ido. Likita kaɗai ke da ikon cewa sakamakon farko kuskure ne. Mai kemis ba shi da wannan iko, haka maƙwabci, haka jin cewa jiki garau yake.

In kuma likita ya wanke mutum, to ya yarda ya wanku. Muna faɗin haka ne don akwai masu kasa sakin zancen, su yi ta zagaya ɗakunan gwaji daga Gombe zuwa Bauchi zuwa Kano, kowane sabon awo ya haifar da sabon ɗigon shakka, kuɗi na ƙarewa, fargaba na haifar da bugun zuciyar da ake gudu. Jin ta bakin likita na biyu hakki ne, musamman in akwai ɗan uwa da ya yi mutuwar fuju'a yana matashi. Na uku da na huɗu ɓarna ce. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ya adana takardun biyu wuri guda, domin duk ranar da aka sake yi masa ECG zanen nan na iya sake fitowa, tsohuwar takarda ce za ta hana a maimaita firgicin. In ya riga ya fara shan magani, ya tambayi likita yadda zai daina, kada ya yanke da kansa. Ya ci gaba da auna jininsa lokaci-lokaci a asibitin unguwa. Sannan ya sani wankewar ta yau ce. Ciwon ƙirji mai dannewa, haki a ɗan ƙaramin aiki, kumburin ƙafa ko suma, duk wanda ya zo, a koma asibiti ranar, ko da jiya aka ce lafiya lau.

Sauran nauyin yana wuyan masu shirya awo da hukuma. Duk wanda zai kafa rumfa a Gabukka ya manna wa jama'a wayoyi, ya zo da likitan da zai karanta zanen a wurin, kuma ya tanadi inda zai tura wanda aka ga alama a jikinsa, da wanda zai biya. Miƙa wa talaka fassarar na'ura da Turanci a ce ya je ya nemi asibiti ba taimako ba ne. In kuɗin ba za su kai ga haka ba, a tsaya ga awon jini da suga, a yi su bisa ƙa'ida, sun fi ECG na taro amfani nesa ba kusa ba. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, ta duba yadda gwajin tabbatarwa zai shiga cikin abin da take ɗaukar wa masu rajista ba tare da doguwar jeka-ka-dawo ba, Ma'aikatar Lafiya ta jiha kuma ta hana masu kwamfutar leƙa jiki zama a ƙofar masallatai da tashoshin mota.