Sukar 'Yan Adawa Kan Albashi: Mu Saurare Su, Amma Mu Riƙe Ma'auninmu



A zamanmu na ƙarshen wata saura ƙiris a tashi baram-baram. Abin da ya tara mu shi ne kuɗin ƙungiya na wata-wata da mambobi da yawa suka kasa biya, amma kafin a ankara zance ya koma siyasa. Wani ya ce 'yan adawa gaskiya suke faɗa, gwamnati ta kashe ma'aikaci da ransa, babu aiki, babu albashin kirki. Wani ya ce duk neman kujera ne. Sai da dattawa suka tsawatar, sannan aka ce ofishin sakatare ya rubuta yadda muke kallon lamarin, kowa ya karanta a natse.

Ga yadda muke gani: yawancin abin da 'yan adawa ke faɗa kan halin da ma'aikata ke ciki gaskiya ne, kuma bai kamata mu toshe kunne don ba jam'iyyarmu ce ta faɗa ba. Sai dai faɗar gaskiya a kan wani ba ta isa ta sa mu miƙa wa mutum ƙuri'armu ba.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya jam'iyya. A 2011, zamanin Goodluck Jonathan, mafi ƙarancin albashi ya zama naira 18,000, wanda a canjin lokacin ya haura dala 110. A watan Afrilun 2019 Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan naira 30,000, kimanin dala 80. A watan Yulin 2024, bayan yajin aikin NLC da TUC na watan Yuni da ya kai ga kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya, Bola Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, wanda a lokacin bai kai dala 50 ba. Adadi yana hawa, ƙarfin kuɗin yana sauka. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Duk wanda ke hawa Keke Napep daga Bolari zuwa wurin aiki, ko yake auno hatsi a Tudun Hatsi, ba ya buƙatar ɗan siyasa ya karanta masa wannan. Saboda haka idan Atiku Abubakar ko Peter Obi ko 'yan adawar cikin jiharmu suka ce albashi ba ya kai ma'aikaci tsakiyar wata, ba ƙarya suka yi ba.

Amma mu ba yara ba ne, mun ga jiya. A watan Janairun 2012, da gwamnatin PDP ta cire tallafi lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, 'yan adawar lokacin ne suka fi kowa ɗaga murya, har aka sauko da ita 97. Da yawansu su ne suka haɗu suka kafa APC a 2013, kuma gwamnatinsu ce ta cire tallafin gaba ɗaya. Waɗanda suka kare cirewar a wancan lokaci, yau wasunsu ne ke kuka a madadinmu. A 2015 kuwa jihohi da dama, na wannan jam'iyya da na waccan, sun kasa biyan albashi na watanni, sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto.

A nan gida ma haka abin yake. PDP ta mulki Gombe shekara 16, daga Danjuma Goje a 2003 zuwa ƙarshen wa'adin Ibrahim Hassan Dankwambo a 2019. APC ta karɓa da Muhammadu Inuwa Yahaya, wanda ya riƙe kwamishinan kuɗi a gwamnatin Goje. Kowane ɓangare ya riƙe baitulmalin jihar nan, kowanne yana da tarihin da za a duba. Gwamnati mai ci tana cewa ta gaji bashin garatuti na biliyoyin naira kuma tana rage shi, tana kuma cikin jihohin da suka amince da sabon albashi tun watan Oktoban 2024, a kan abin da ya ɗan haura naira 71,000. Wannan a yaba mata. Su kuma masu suka suna tuna mata cewa a 2020, lokacin korona, an dakatar da biyan ƙarin albashi na wani lokaci. Shi ma ya faru. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Inda muka fi so a tsaya shi ne maganar daidaito. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a biya lada iri ɗaya ga aiki iri ɗaya ba tare da nuna bambanci ba. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati kotu a kansa kai tsaye. Shi ya sa za ka ga malamai biyu masu NCE ɗaya, sun gama shekara ɗaya, ɗaya yana ƙarƙashin jiha, ɗaya yana firamare a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, amma kowane ƙarin albashi sai ya daɗe da isa ga na farko kafin na biyu ya ji ƙamshinsa. A 2025 ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta lissafa jihohin da sabon albashi bai kai ga mambobinta ba a lokacin, har da Gombe a ciki. A Abuja ma, malaman firamare sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a shekarar kan wannan magana. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna so mu ji daga bakin kowane ɗan takara yadda zai yi da wannan hukunci a ƙananan hukumominmu 11.

Akwai kuma waɗanda ba a ambatonsu ko a bakin gwamnati ko a bakin adawa, alhali su ne mafi yawa a unguwarmu. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin wucin gadi ko wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba. Ke nan yaron shago, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi, da mai gadi, da 'yar aikin gida, da matan da ke tsintar wake da sheƙar hatsi a kasuwa, da lebura, duk suna wajen inuwar doka. Ba su da takardar ɗaukar aiki, ba hutu, ba fansho. Ranar da mai gida ya ce kada ka dawo gobe, shi ke nan. Ba su yin maci ranar 1 ga Mayu, shi ya sa ba a lissafa su.

Batun aikin yi ma haka. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere da Kwalejin Ilimi ta Tarayya suna yaye ɗalibai duk shekara, gwamnati kuwa ba za ta iya ɗaukar kowa ba, ko wace jam'iyya ce. An kafa dandalin masana'antu a Dadin Kowa, muna fatan alheri. Abin da za mu auna shi da shi shi ne yawan 'ya'yanmu da ke karɓar albashi a can, kuma da wane sharaɗi. Su ma masu suka, cewa "babu aiki" ba ta wadatar ba. Su faɗa mana wane aiki za su samar, a ina, da wane kuɗi.

Don haka, yayin da 2027 ke matsowa, duk ɗan siyasar da ya nemi zama da ƙungiyar nan, mai mulki ko ɗan adawa, ƙofa a buɗe take, amma zai amsa tambaya huɗu a gaban mambobi, kuma za mu rubuta amsar mu ajiye:

Na ɗaya, lokacin da kai ko jam'iyyarka kuka riƙe mulki, me kuka biya ma'aikata da 'yan fansho, me kuka bari?

Na biyu, yaushe malamin firamare da ma'aikacin ƙaramar hukuma za su riƙa samun ƙari rana ɗaya da takwarorinsu na jiha?

Na uku, wace kariya ka tanadar wa ma'aikatan da doka ta bari a waje?

Na huɗu, ɗaukar aiki zai zama ta talla da jarrabawa a fili, ko sai mai uwa a gindin murhu?

Daga ƙarshe, mu ma mu duba gidanmu. A cikinmu akwai masu shaguna, masu makarantu, masu gareji, masu ba da keke haya. Wanda ya cika majalisa da sukar gwamnati kan albashi, alhali yaron shagonsa na bin sa kuɗin wata biyu, ko yana biyan malama mace ƙasa da namiji a aji iri ɗaya, to ya fara gyara nasa. Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Za mu kawo shawara a zama na gaba cewa duk mamba mai ɗaukar ma'aikaci ya rubuta yarjejeniya, ko da a shafi ɗaya ce, da adadin kuɗi da ranar biya, a gaban shaidu biyu.

Kada siyasa ta raba mu. Su masu takarar suna gaisawa a wurin ɗaurin aure, mu ne za mu ci gaba da zama a layi ɗaya bayan zaɓe. Mai ra'ayi daban ya rubuta a ƙasa cikin mutunci, za mu karanta.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya sa albarka a guminmu, Ya zaunar da Gombe da Najeriya lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Bolari, Gombe.