YAƘI YA ƘARE A FAGEN FAMA, YA KOMA ƊAKIN AURE

'Yan uwa matasa, idan aka ce yaƙi ya ƙare, abin da muke kallo shi ne soja ya sauko daga jirgi, mata da 'ya'ya na rungumarsa. Abin da ba a nuna mana shi ne abin da kan biyo baya idan an rufe ƙofa. A tsakanin watannin Yuni da Yuli na shekarar 2002, a barikin soja na Fort Bragg da ke jihar North Carolina ta Amurka, sojoji huɗu ne suka kashe matansu cikin mako shida kacal. Uku daga cikinsu ba su daɗe da dawowa daga Afghanistan ba.

Wannan matsala ta girmi 2002. Wani babban bincike da aka yi a kan 'yan mazan jiya na yaƙin Vietnam a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa cikin waɗanda ke fama da ciwon firgicin da kan biyo bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD, kusan ɗaya cikin uku ya ɗaga wa matarsa hannu a cikin shekara guda. A cikin waɗanda ba su da ciwon kuwa, adadin bai kai rabin haka ba. Shi kansa ciwon sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da shi kundinsu.

To, a nan ne aikin Dokta Casey Taft ya shigo. Shi masanin halayyar ɗan Adam ne mai duba marasa lafiya, Farfesa a Jami'ar Boston, kuma mai bincike a cibiyar nazarin wannan ciwo ta Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojojin Amurka. Ya shafe shekaru yana bin tambaya ɗaya: me ke sa mutumin da ya tsira daga harsashi ya koma abin tsoro ga wadda ta yi zaman jiransa?

Amsar da shi da abokan aikinsa suka bayar ita ce, a fagen daga soja yakan rayu ne da zargi. Kowane motsi barazana ne, wanda ya yi jinkiri shi ne gawa. Wannan hali da ya cece shi a can, shi ne yake shigowa da shi gida. Matarsa ta yi masa tambaya, sai ya ji tuhuma ce. Ta yi shiru, ya ce raini ne. Ga rashin barci, ga kunyar abin da ya gani ko ya aikata, wani kuma ya haɗa da giya. Haushin kaza sai a huce a kan dami.

Amma Taft bai tsaya ga bayani ba. Sun tsara wani shiri mai suna Strength at Home, wato ƙarfi a cikin gida. Akan tara mazaje kaɗan a zama ɗaya, sau ɗaya a mako har mako 12. Ana koya masu gane alamun tasowar fushi tun kafin ya ci ƙarfinsu, da yadda mutum zai janye ya huce sannan ya dawo a yi magana, da yadda zai daina fassara kowace kalma da mugun nufi. A gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016, wanda ya ƙunshi mazaje 135, an ga raguwar duka da cin zarafin baki a wajen waɗanda suka shiga shirin fiye da waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba. Ba a dogara da bakin mazan kaɗai ba, har matan an tambaya. Daga baya aka yaɗa shirin a asibitocin tsofaffin sojoji na ƙasar.

Wani zai ce, shin wannan ba nema wa azzalumi mafaka ba ne? Tambaya ce mai nauyi, domin matar da aka fasa wa baki ba ruwanta da sunan ciwon mijinta. Sai dai mu sake duba adadin nan na Vietnam. Idan ɗaya cikin uku ya yi duka, ke nan biyu cikin uku suna ɗauke da ciwon amma ba su yi ba. Wato ciwon yana bayyana yadda abin ke faruwa, ba ya wanke wanda ya aikata. Shi ya sa a shirin ake sa kowane mutum ya amsa cewa hannunsa ne, alhakinsa ne.

Darasin da nake so mu ɗauka, musamman mu da ke shirin ajiye iyali, shi ne wannan. Duk wanda ya ga jini, ko ya rasa nasa a tashin hankali, ya ga barci ya ƙaurace masa, ƙaramin abu na tunzura shi, to neman magani ba ragwanci ba ne. Ragwanci shi ne ka sauke abin da ya dame ka a kan wadda aka ba ka amanarta. Gwamnatin da ta tura matasa yaƙi kuma, bashinta ba ya ƙarewa ranar da aka ajiye bindiga, har sai matar da ke ɗaki ta kwana ba tare da tsoro ba.

Wassalam.