Sabon malami ma yana buƙatar mai tsaya masa a aji

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Badagishiri ya san yadda dillali ke koya wa yaronsa aiki. Yakan bar shi ya yi ciniki da kansa, shi yana gefe kamar ba ya ji. Sai mai saye ya wuce sannan ya ce masa: "Ka yi saurin sallamawa. Wanda ya duba haƙoran bijimi sau biyu, ai ba tafiya zai yi ba." Gyara guda ɗaya tak, a kan abin da ya faru yanzun nan, kuma ba a gaban baƙo ba. Haka masu albasa ke yi a Galmi, haka masu shaguna ke yi a Ƙonni. Manyan kamfanoni ma kuɗi suke kashewa don shugabannin masu tallarsu su koyi wannan dabara: bin ma'aikaci wurin aikinsa, a saurara, a gyara daga baya.

Mu fa a lakwal? Matashi ya fito daga makarantar horon malamai ta Tawa, ko an ɗauke shi kwantaragi, a tura shi wani ƙauye na Illela, a danƙa masa alli da rumfar zana cike da yara. Shi ke nan. In an tuna da shi, a kira shi taron bita a birni, a raba kuɗin zama, ya koma ya ɗora daga inda ya tsaya. Ranar da wani babba ya shigo ajinsa kuwa, maki aka zo ba shi, don haka darasin ranar na ado ne.

A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa a ƙasa baki ɗaya, aka soke kwantaragin dubbai. Ban ga laifin auna ilimin malami ba, wanda bai iya rabawa ba ba zai koya wa yaro rabawa ba. Amma waɗanda suka ci, wa ya bi su aji ya ga ko yaran baya na jin muryarsu?

Za a ce ai akwai CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa, ɗaya ya ba da darasi, saura su yi sharhi. Yana da amfani, sai dai darasi ne da aka kwana ana shiryawa. Kwansaye kuma makarantu sun yi masa yawa, ga hanyoyin Adar duk duwatsu. Wanda ke kusa kullum shi ne darakta. Na san da yawansu suna riƙe da aji su ma, amma rabin awa a mako ba zai gagara ba: ya zauna a bayan aji, ba takardar maki a hannu, bayan an tashi ya ce, "Mushe, yara huɗu na gaba kaɗai ka tambaya yau. Gobe fara daga baya." Mako mai zuwa ya dawo ya duba wannan kaɗai. Sharaɗin shi ne kada maganar ta kai ofishin sufeto, in ba haka ba malami zai ɓoye rauninsa.

Iyaye, a taron COGES kuna tambayar kuɗin tebura da zana. Ku ƙara da wannan: tun da aka koma makaranta a Oktoba, sau nawa darakta ya zauna a ajin sabon malami?