Wahalar da ta haɗa masoya ita ke raba su, amma marubutanmu sun ƙi faɗa

Akwai wata dabara da marubutan littattafan soyayya na Hausa suka mayar gishirin miya. A sace saurayi da budurwa a kai su daji, ko mota ta kife da su, ko rikici ya cinye unguwarsu su biyu kawai su tsira. Kafin shafi na arba'in sun kamu da son juna, a ƙarshe a ɗaura aure, marubuciya ta rubuta Alhamdulillah ta ajiye alƙalami. Mu nan Yendi da Salaga da Bawku muna karanta su a WhatsApp, muna sauraron su a YouTube, har da ƙwalla. To ni dai ban yarda da wannan lissafi ba, kuma a ganina mu ne ya kamata mu fara ƙin yarda da shi, domin mun san abin da bala'i ke yi wa gida.

A 1994 faɗan da ya tashi a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, kan cinikin zabo, ya zama yaƙi tsakanin Konkombawa da Nanumbawa da Dagombawa da Gonjawa, sai a 1996 aka sa hannu kan sulhu a Kumasi. A ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani II da gomman mutanensa a fadar Gbewaa. Dokar hana fita ta haura shekara biyu a Yendi, ba a binne sarkin ba sai 2006, ba a naɗa Ya Na Abukari II ba sai Janairun 2019. Bawku kuwa ba sai an tuna wa kowa ba, wanda aka hana shi hawa babur a garinsu ya sani. A cikin waɗannan shekaru an yi aure da yawa tsakanin waɗanda suka gudu tare, suka ɓuya tare. Wasu sun zauna lafiya. Wasu kuwa abin da ya haɗa su shi ya ci auren, kuma su ne ba a rubuta labarinsu.

A ce marubuci ya ɗauko mana Ramatu da Issahaku, sun kwana uku a ɗaki ɗaya ana harbi a waje, ƙanin Ramatu ya fita neman ruwa bai dawo ba. Littafin da muka saba zai ce ai babu wanda zai fahimci Ramatu kamar Issahaku. Gaskiya ne, kuma nan matsalar take. Shi ne mutum ɗaya a duniya da ya san wa ya ce wa yaron ya fita. Ita kuma ita ce ta gan shi yana makyarkyata a bayan ƙofa, bai bi yaron ba. Kowannensu shaida ne a kan ɗan'uwansa. Da za ta auri baƙo daga Kumasi, za ta iya wuni ba ta tuna ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, balle a ce tsumman yana kwance gefenta kowane dare. Sannan baƙin ciki ba ya tafiya da gudu ɗaya. Shi yana so a bar maganar, ya koma kasuwar doya ya nemi na abinci. Ita tana so a ambaci sunan yaron ko sau ɗaya a mako. Shirunsa a wurinta rashin imani ne, kukanta a wurinsa zargi ne. Babu kishiya, babu muguwar uwar miji, babu boka, amma auren yana mutuwa a tsaye.

An taɓa rubuta irin wannan da kyau, sai dai da Turanci. A littafin Abubakar Adam Ibrahim, Season of Crimson Blossoms, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016, Hajiya Binta bazawara ce mai shekara 55 da aka kashe mijinta a rikicin Jos, 'yan sanda kuma suka harbe ɗanta na fari. Reza matashi ne ɗan daba da uwarsa ta tafi ta bar shi. Ita ɗanta take gani a fuskarsa, shi uwarsa yake gani a tata. Alaƙar tasu haramtacciya ce, littafin bai ɓoye hakan ba, kuma ba ita nake yaba wa ba. Abin da na yaba shi ne marubucin bai yi ƙaryar cewa miki biyu in sun haɗu magani suke zama ba. Gawa aka ɗauka a ƙarshen labarin. Har ma ya sa wata yarinya a gidan, Fa'iza, wadda aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a gabanta, tana ɓuya cikin littattafan soyayya da mafarkin Ali Nuhu. Kai, wannan ai mu ya zana.

Na san abin da za a ce. Mai karatu ya gaji da wahalar duniya, ya zo neman sanyi, me ya sa za a ƙara masa? Kuma ai Musulmi an san shi da haƙuri da yarda da ƙaddara. Haka ne. Amma haƙuri bai hana Annabi Yaƙub kuka a kan Yusuf ba har idanunsa suka yi fari, kuma addinin da ya halatta aure shi ya halatta rabuwa cikin kyautatawa. Sanyin da ake samu daga labarin ƙarya kuwa yana da tsada. Yarinyar da ta karanta littafi talatin duk suna gaya mata wanda kuka sha wuya tare shi ne mijinki, za ta ɗauki tausayi a matsayin so. Ranar da ta kasa haɗa ido da shi, kanta za ta zarga, domin babu littafin da ya taɓa gaya mata hakan na faruwa da mutanen kirki.

Mu mutanen Zango muna da wani ƙarin nauyi. Ba mu da kujera a rigimar gidan Abudu da gidan Andani, ko ta Kusasawa da Mamprusawa, amma mun yi auratayya da kowane ɓangare, don haka muka koyi kame baki. Ba laifi, kame baki ya ceci rayuka. Sai dai ya bi mu har cikin ɗakin kwana, ya bi mu har cikin rubutu, shi ya sa matasanmu masu rubutu ke kai labarinsu Kano da Abuja da Dubai. Ayesha Harruna Attah ta kafa littafinta na 2018, The Hundred Wells of Salaga, a kan cinikin bayi da yaƙin basasar Salaga na 1892, duniya ta karanta. Ba sai an ambaci gida ko ƙabila a ɗora wa laifi ba. Ɗaki ɗaya ya isa, da mutum biyu masu son juna, da liman da aka kira sulhu ya tambaye su me ya faru, kowa ya sunkuyar da kai ya ce babu komai, Malam.